Kwana biyar a taron masu laburare na Shikago: yadda ake karrama littafin yara da wanda ya zana shi

Jama'a an kwana biyu ina son in zauna in rubuta abin da na gani a wannan taron, aiki da hidimar yara suka hana, sai yanzu Allah ya yi. Taron shekara-shekara ne na Ƙungiyar Laburarorin Amurka, wadda aka fi sani da ALA, na 2023, an yi shi a Shikago daga 22 zuwa 27 ga watan Yuni, a wani makeken zaure da ake kira McCormick Place a bakin tafkin Michigan. Ni ina aiki ne a sashen yara na wani ɗan ƙaramin laburaren gari, tafiyar awa uku da wani abu a mota daga Shikago, aikina karanta wa yara labari da safe, jera littattafai, sai kuma zaɓen abin da za mu saya da ɗan kuɗin da ake ware mana duk shekara. Wannan na ƙarshen shi ya kai ni. Kuɗin ba yawa, littattafan da ke fitowa kuma dubbai ne, to dole mutum ya san me zai ɗauka me zai bari.

Ƙungiyar tsohuwa ce, tun 1876 aka kafa ta a Filadelfiya, kuma hedikwatarta tana nan cikin Shikago, shi ya sa taron na wannan shekarar ya zama kamar an yi biki a gidan uwar amarya. Mutum fiye da dubu 15 suka zo. Akwai masu laburaren jami'a, akwai na asibiti da na gidan yari, akwai masu sayar da manhajar kwamfuta da kantoci da kujeru, amma in ka shiga zauren baje kolin ba sai an gaya maka ba za ka ga inda jama'a suka fi cika, wajen rumfunan littattafan yara ne. Layi ne iya ganinka, manya da furfura kowa rungume da littafi mai hoto yana jiran marubuci ko mai zane ya sa masa hannu. Kamfanonin ɗab'i suna raba littattafan da ba su ma shiga kasuwa ba, kyauta, bugun gwaji ne mai bangon takarda, wani lokacin har da kurakuran da ba a gyara ba. Ba sadaka suke yi ba, sun san in wannan matar ta karanta ya yi mata, za ta sa laburarenta ya saya, ta kuma miƙa shi hannun yaro ɗari. A Amurka akwai rassan laburaren gari wajen dubu 17, ban da na makarantu, to ka lissafa in kowanne ya ɗauki kwafi ɗaya kacal. Ranar farko kafin la'asar kafaɗata ta sage don nauyin jaka, washegari sai na koyi zaɓe, in duba shafi biyu uku in tambayi kaina wane yaro ne cikin nawa zai so wannan, in babu fuskar da ta zo mini a rai in mayar.

Amma abin da nake son in tsaya a kai shi ne ranar Lahadi, 25 ga wata, don ita ce zuciyar taron a wurin mu masu aiki da yara. Da sassafe ana karin kumallo na lambar yabon Coretta Scott King, wadda ake ba marubuta da masu zane baƙar fata, da dare kuma babbar liyafa ta lambobin Newbery da Caldecott. Kafin in faɗi yadda ranar ta kasance bari in warware yadda ake kaiwa gare ta, don da yawa ko a nan Amurka suna ganin wannan sitika mai ruwan zinare a bangon littafi ba su san ta ina ta bi ba.

Lambar Newbery ta marubuci ce, an fara ba da ita a 1922, an sa mata sunan John Newbery, wani Bature mai sayar da littattafai a Ingila a ƙarni na 18 wanda yana cikin na farko da suka ɗauki buga littafin yara a matsayin sana'a. Ta Caldecott kuma ta mai zane ce, an fara 1938, da sunan Randolph Caldecott, mai zanen littattafai shi ma ɗan Ingila a ƙarni na 19. Mutum ɗaya ne ya kawo shawarar duka biyun, Frederic Melcher, wanda harkarsa ita ce littattafai da mujallar masu ɗab'i. Abin da ya yi wanda nake ganin shi ne dabarar duka, bai ce kamfanoni su zaɓa ba, bai ce gwamnati ko farfesoshin adabi su zaɓa ba, sai ya damƙa abin a hannun masu laburaren yara, mutanen da kullum suke durƙushe a kan darduma da yara suna ganin wane shafi ne ke sa yaro ya yi tsit, wanne ne ke sa ya tashi ya tafi neman ruwa.

Kowace lamba tana da kwamiti na mutum 15. Shekara guda cur suke yi suna karanta littattafan da aka buga a Amurka a wannan shekarar don yara daga jarirai har zuwa shekara 14, kuma dole marubucin ko mai zanen ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin ƙasar. Ba a biyansu ko kwabo, bayan aikinsu na ofis suke yi, da dare da ƙarshen mako, kwalaye na ta sauka a ƙofar gida. Wajen ƙarshen shekara kowa ya gabatar da littattafai bakwai da hujjarsa a rubuce. Sai Janairu su yi zama na sirri su tattauna ɗaya bayan ɗaya, sannan a jefa ƙuri'a, kowa ya rubuta na ɗaya da na biyu da na uku, na ɗaya maki 4, na biyu 3, na uku 2. Littafi ba ya cin lambar sai mutum takwas aƙalla sun sa shi na ɗaya, kuma ya ba wanda ke bi masa ratar maki takwas. In ba a samu haka ba a koma a sake tattaunawa a sake jefawa, ko sau nawa ne. Abin da aka faɗa a wannan zaman kuma ba ya fita har abada, ko mijinki ba za ki gaya wa wa ya so me ba. Ni wannan sirrin ya burge ni ƙwarai, don shi ke ba mutum damar ya canza ra'ayi ba tare da jin kunya ba, kuma babu marubucin da zai riƙe wani a zuciya.

Sannan babu kuɗi a ciki fa. Lamba ce ta tagulla kawai. Amma ranar da aka sanar, wanda a 2023 ya faɗo 30 ga Janairu a New Orleans, kafin rana ta faɗi littafin ya ƙare a shaguna, kamfani ya koma bugu, kowane laburare ya aika oda, kuma da wuya ka ga littafin da ya ci wannan lambar ya ɓace daga kasuwa ko bayan shekaru masu yawa. Mu a namu laburaren duk shekara muna barin wani abu a gefe musamman don wannan ranar.

To a wannan shekarar Newbery ta tafi ga Amina Luqman-Dawson, da littafinta Freewater, kuma shi ne ƙagaggen labarinta na farko. Ita ce kuma ta ɗauki Coretta Scott King ɓangaren marubuta, wato littafi ɗaya lambobi biyu. Labarin wasu yara ne wa da ƙanwa da suka gudu daga gonar da ake bautar da su suka faɗa cikin wata ƙatuwar fadama mai kurmi, can suka tarar da wani ɓoyayyen gari na bayin da suka tsere suka kafa rayuwarsu. Ba ƙirƙira ce zalla ba, a tarihi an yi irin waɗannan mutanen a fadamar Great Dismal da ke kan iyakar jihohin Virginia da North Carolina, sun zauna a tsibiran cikin ruwa inda masu farautar bayi ba sa iya shiga da doki, wasu har aka haife su a can. Yawancin littattafan yara kan bauta a Amurka suna tsayawa ne kan bulala da kuka, wannan kuwa ya nuna mutanen da suka ƙi, suka gina gada a saman bishiyoyi, suka yi biki, suka koya wa 'ya'yansu yadda za su kare kansu. Yaran baƙar fata da ke zuwa wurina na ga yadda suke riƙe shi daban.

Karin kumallon Coretta Scott King ya fi kama da taron dangi fiye da taron ƙungiya. Wannan lambar an fara ba da ita a 1970, wasu mata biyu masu laburaren makaranta, Glyndon Greer da Mabel McKissick, su suka taso da maganar a wani taron ALA na 1969, saboda sun duba sun ga kusan shekara hamsin ana ba da Newbery babu baƙar fata ko ɗaya da ya taɓa ci. Sai 1975 Virginia Hamilton ta zama ta farko. Akwai wata cibiya a Jami'ar Wisconsin da ta fara ƙirga littattafan yara a 1985, cikin wajen 2,500 da aka buga a shekarar 18 kacal ne baƙar fata ya rubuta ko ya zana. Sha takwas. In ka san wannan sai ka gane me ya sa tsofaffin mata ke share hawaye a wajen karin kumallo ƙarfe bakwai na safe. Wata dattijuwa da muka zauna tebur ɗaya, ta yi ritaya daga laburaren makaranta, ta ce mini lokacin da ta fara aiki ko kantar littafi ɗaya ba ta cika ba in ta jera littattafan da ke da fuskar yaran da take koyarwa.

Da dare liyafar ta sha bamban, kowa ya ci ado, tikitin cin abinci daban ake saya kuma da tsada, ni ban saya ba, na jira aka gama cin abinci aka buɗe ƙofa ga masu son jin jawabi muka zauna a kujerun baya. Kuma gaskiya jawaban su ne abin zuwa. Mujallar Horn Book, wadda take fitowa tun 1924, tana buga su duk shekara a fitowar Yuli da Agusta, don haka ba magana ce ta tsaye ba, mutum ya yi wata biyar yana shirya ta. Kafin kowane jawabi ana kiran 'yan kwamiti su miƙe a tafa musu, mutum sha biyar ɗin nan da ba wanda ya san sunansu a waje, kuma tafin da aka yi musu bai gaza na marubutan ba. Nan ne na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro, don na san irin daren da suka raba.

Abin da ya fi zauna mini a rai kuwa shi ne matsayin mai zane. Caldecott ta 2023 Doug Salati ya ci da Hot Dog, labarin wani ɗan gajeren kare mai dogon jiki da zafin bazara da hayaniyar birni suka ishe shi, ya zauna a tsakiyar titi ya ƙi motsi, uwar ɗakinsa ta gane ta ɗauke shi suka tafi bakin teku suka sha iska. Shikenan labarin. Kalmomin ciki ba su da yawa. Amma ka duba shafukan birnin, ja da ruwan lemo, komai a cunkushe har kai mai kallo sai ka ji gumi, da an isa bakin ruwa sai shafi ya buɗe, shuɗi da kore, fili ko ta ina. Yaro ɗan shekara uku da bai san harafi ba yana karanta wannan canjin da idonsa. Mun yi namu zaɓen na wasa da yara a watan Janairu kafin a sanar, abin da laburarori da yawa ke yi, muka baza littattafai a ƙasa kowa ya jefa ƙuri'a, wani yaro da ba ya son hayaniya ko kaɗan ya nuna shafin da karen ya zauna a titi ya ce shi ma haka yake ji a kantin sayayya. Uwarsa ta daɗe tana neman hanyar da zai faɗi wannan.

Mutane ba su san wahalar aikin ba. Littafin hoto yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe babbar takarda a maɗaba'a takwas-takwas ko sha shida, to mai zane dole ya auna inda labari zai ja numfashi da inda za a juya shafi, ya kuma kiyaye kar fuskar mutum ta faɗa cikin tsagin tsakiya inda ake ɗinki. A wani zama da na shiga masu zane sun nuna ɗan littafin gwaji da suke haɗawa da fensir kafin su taɓa fenti, wani sai an sake shi sau da yawa. Kuma sau tari marubuci da mai zane ba sa ma haɗuwa, edita ne ke zaɓen mai zanen ya kuma tsaya a tsakani, don kar marubuci ya tsaya a kansa yana cewa yi kaza. Rabin labarin nasa ne, kuma sunansa na kan bango daidai da na marubucin. A wannan daren an kuma ba James Ransome lambar da ake ba wanda ya daɗe yana yi wa littafin yara hidima, shi ma mai zane ne.

Ina zaune a wurin na tuna wani littafi da ke kan kantarmu, Ashanti to Zulu, wanda ya ci Caldecott a 1977. Leo da Diane Dillon suka zana, mata da miji, kuma su ne suka ci a 1976 ma, shekara biyu a jere, Leo shi ne baƙar fata na farko da ya karɓi lambar. Littafin abacada ne, kowane harafi da wata al'ummar Afirka, kuma a harafin H, Hausa ne. Shafi ɗaya. Ranar da na fara ganinsa na daɗe a tsaye, na kai wa 'yata gida ta ce Umma mu ne nan? Na ce mu ne. Ta ce to ina sauran? Wannan tambayar ita na yi ta yawo da ita a zauren baje kolin, na bi rumfunan da ke da littattafan harsuna, Sifaniyanci kam ga shi nan birjik, akwai Larabci da Sinanci, ni dai idona bai faɗa kan na Hausa ba. Ban ga laifin kowa a can ba, ba su za su rubuta mana ba. A gida muna da masu zane, wanda ya tashi da littattafan kasuwar Kano ya san irin hannun da ke zana bangonsu, muna da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ta ishi littafi ɗari, akwai ma littattafan Mu Karanta da aka raba a firamare a Bauchi da Sakkwato. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na Najeriya, NLNG, tana zagayowa kan littafin yara bayan 'yan shekaru da dala 100,000, sai dai ta Turanci ce. Abin da na gani a Shikago wanda ya fi lambar kanta shi ne mai saye na dindindin, laburare da ke da kuɗin littafi duk shekara da ma'aikaciyar da aka yarda ta zaɓa. Shi ke sa kamfani ya yarda ya biya mai zane wata shida yana aiki kan shafi 32.

Ba zan rufe ba ban taɓo abin da ya lulluɓe taron ba, wato rigimar cire littattafai. ALA ta ce a 2022 an shigar da buƙata 1,269 na a cire littattafai daga laburarori da makarantu, suka shafi littattafai 2,571, a lokacin shi ne mafi yawa tun da ta fara ƙirga fiye da shekara ashirin da suka wuce. Yawancinsu kan launin fata ne ko kan jinsi da luwaɗi da maɗigo. Kwana goma kafin taron, 12 ga Yuni, gwamnan Illinois, jihar da Shikago ke ciki, JB Pritzker, ya sa hannu kan dokar da ta ce laburaren da ke cire littattafai saboda ra'ayin siyasa ko aƙida zai rasa tallafin jiha, ta fara aiki 1 ga Janairu 2024. Marubuciya Judy Blume, wadda ita ma an sha cire littattafanta tun shekarun 1980, ita ta yi jawabin buɗe taro. Ni Musulma ce kuma uwa, akwai littattafai a kantarmu da ba zan ba 'ya'yana ba, kuma in uwa ta zo ta ce kar a ba ɗanta kaza ina tare da ita ɗari bisa ɗari, ina ma taya ta neman wanda ya dace. Inda na tsaya shi ne mutum ɗaya ya zo da jerin littattafai hamsin da bai karanta ba ya ce a kwashe wa gari gaba ɗaya. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, littattafan azumi da na yarinya mai hijabi da na yi ta faman sa wa a oda, in aka buɗe wannan ƙofar ba ni da tabbacin ba su za a fara nunawa ba gobe. Na ga mata a taron da aka yi wa barazana a waya saboda aikinsu, muryarsu na rawa suna ba da labari, wasu sun bar aikin.

Ranar Talata aka rufe da Amanda Gorman da mai zane Christian Robinson, su biyu a kan dandamali ɗaya, marubuciya da wanda ya zana mata. Da muka fito sararin Shikago ya yi fari fat kamar hazon hunturu a Kano, hayaƙin gobarar dajin Kanada ne ya sauko, dogayen benayen ma ba a ganin ƙarshensu. Na loda kwalaye biyu a but na kama hanya da gilashi a rufe, don washegari Laraba babbar Sallah ce kuma ban yi cefane ba.

A cikin jakata akwai takardar oda da na cika da fensir, littattafai 41, na soke tara da na ga kuɗin ba zai kai ba, na ƙara kwafi na biyu na Freewater don na farkon bangonsa ya fara rabuwa. Da muka dawo daga idi 'yata ta buɗe kwali ɗaya tun ba ta cire kayan Sallah ba, ta zauna a ƙasa tana ware na ƙaninta gefe guda, nata gefe guda.